Sifika da risiba na jin kiɗa a gida: wanne za ka saya da kuɗi kaɗan?

Wanda ya gaji da jin kiɗa ta waya ko ta ɗan akwatin Bluetooth, ya ƙudura zai haɗa wa falonsa kayan sauti na ƙwarai, yakan tsinci kansa a tsaka mai wuya. Kuɗin hannu ba su wuce dala 150 zuwa 500 ba, abin saye kuma biyu ne: sifikoki guda biyu, da na'urar da za ta ba su ƙarfi. Risiba ita ce amfilifayar da aka haɗa mata rediyo a ciki. In babu rediyon, amfilifaya ce zalla, amma aikinsu ɗaya. Farashin da zan ambata na kasuwar Amurka ne a lokacin da na yi wannan rubutu, da dala, tun da naira ba ta zama wuri ɗaya. Kai za ka ɗora kuɗin dako da na kwastan, ko ribar ɗan kasuwa in a Alaba ta Legas ko Sabon Garin Kano za ka saya.

Matsayata ita ce, rabin kuɗin ko fiye da haka a zuba su a kan sifika, domin ita ce mai murya. Risiba biyu masu lafiya, in aka rufe maka ido, da ƙyar za ka bambance su. Sifikoki biyu kuwa ko yaro zai ji bambancinsu. Risibar kuma ba kunnenka ne zai zaɓa maka ita ba, irin wutar gidanka ce.

Abin da za ka auna kafin ka ciro kuɗi

Lambar wat da ke jikin kwali ita ta fi yaudarar masu saye. Sifika mai matsakaicin hali tana ba da ƙarar desibel 87 da wat ɗaya tak, in kana mita ɗaya daga gare ta. Duk ƙarin desibel 3 yana buƙatar a ninka wat sau biyu, kuma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka, sai an ƙara desibel kusan 10, wato wat ninki goma. Ke nan tsakanin risiba mai wat 50 da mai wat 100 desibel 3 ne kacal. A falo mai mita 4 da 5, kana zaune mita uku daga sifikokin, wat ɗaya ko biyu zai kai ka wajen desibel 80, wat 10 kuwa ya isa maƙwabci ya leƙo ta katanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ma desibel 80 na awa 40 a mako ta sa a matsayin abin da kunnen babba zai ɗauka lafiya. Wat 30 zuwa 50 na gaskiya a kowane ɓangare sun wadaci yawancin gidaje. Ka nemi lambar da aka rubuta wa RMS. Wadda aka rubuta wa PMPO, irin wat 3000 da ake mannawa a jikin hom tiyata, ado ce kawai.

Sai om, wato irin nauyin da sifika ke ɗora wa risiba. Da ƙarancin om, da yawan wutar da take ja. Risiba masu araha an yi su ne don sifika mai om 6 ko 8. In ka ɗaura musu mai om 4, ko ka haɗa sifika biyu masu om 8 a baki ɗaya, wanda shi ma 4 ya koma, risibar za ta yi zafi, ta riƙa kashe kanta, wata rana ta ƙi tashi. Wani abin da mutane ba su cika sani ba: ƙaramar amfilifayar da aka murɗe har ƙarshe takan ƙona sifika kamar yadda babba ke yi. Da zarar sauti ya fara tsagewa, ɗan bakin da ke fitar da siririn sauti, wanda masu gyara ke kira tuwita, shi ke fara mutuwa.

A wajen wuta gizo ke saƙa. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, ta Amurka kuwa 120. Risibar Sony ko Yamaha da aka yi wa kasuwar Amurka 120 kawai ta sani. Na ga wadda aka turo wa wani maƙwabcina sabuwa fil, ya sauya mata kan soket ya jona, ko minti ba a yi ba hayaƙi ya tashi, taransifomarta ta tafi. Ko dai ka nemi wadda aka yi wa Ingila ko Turai, ko ka sayi taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya ninka abin da risibar ke ci. Kayan da aka yi wa cikin Japan ma bolt 100 ne. Ka juya bayan na'urar ka karanta da idonka, kada ka tsaya ga maganar mai shago. Sannan ka tambayi kanka: awa nawa NEPA ke ba ka? In rabin sauraronka a kan inbata ko sola za ka yi, to yawan wutar da na'urar ke ci ya zama babban ma'auni. Manyan risiba na ajin AB suna zubar da kusan rabin wutarsu a matsayin zafi, ƙananan na ajin D kuwa suna mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari zuwa sauti.

Saura biyu gajeru ne: me za ka jona (waya, talabijin, garmaho, rediyo), kuma in ta lalace akwai mai gyara a garinku?

Sifikoki

| Sifika | Wufa (babban bakin da ke ba da kaurin sauti) | Desibel | Om | Ramin iska | Farashin biyu |
|---|---|---|---|---|---|
| Polk T15 | inci 5.25 | 89 | 8 | gaba | dala 100 zuwa 150 |
| Sony SS-CS5 | inci 5 | 87 | 6 | baya | dala 125 zuwa 200 |
| Klipsch R-51M | inci 5.25 | 93 | 8 | baya | dala 200 zuwa 300 |
| ELAC Debut B6.2 | inci 6.5 | 87 | 6 | gaba | dala 250 zuwa 400 |

Polk T15 ita ce mafi araha, ba ta wahalar da kowace risiba, kuma tana da ramin ratayewa a bango, abin da mai ƙaramin ɗaki ko mai yara zai so. Amma an fi yin ta don kallon fim, kuma in ka sa mata waƙar da murya ce kan gaba, za ka ji kamar mawaƙin ya ɗan ja da baya. Ta fara ce, ba ta zama ba.

Sony SS-CS5 tana da baki uku: wufa, tuwita, da wani ɗan ƙarami a sama. Sautinta a buɗe yake, kukuma da garaya suna fitowa tsaf, haka muryar mai karatun Alƙur'ani. Rauninta kaurin sauti ne, wato bes. Kamfanin ya ce tana sauka har 53 Hz (da ƙarancin wannan lamba, da kaurin sautin da sifika ke iya fitarwa), amma dukan babbar ganga ba ya cika ɗaki da ita. Ramin iskarta a baya yake, don haka tana son tazarar taƙi ɗaya ko biyu daga bango. In ka same ta an karya mata farashi, da wuya ka sami abin da ya fi ta a kuɗin.

Klipsch, kamfanin da Paul Klipsch ya kafa a Amurka a 1946, an san shi da sa tuwita cikin baki mai kamar ƙaho. Wannan ne ya sa R-51M take da ƙara ko da ƙaramar amfilifaya. Desibel 93 ɗin da suka rubuta, masu aunawa da kansu sukan sami ƙasa da haka, amma duk da haka tana da kuzari. Kalangu da kiɗan zamani mai bugu suna tashi da rai a cikinta. Haɗarinta a falon tayil ne wanda babu kafet babu labule: siririn sautin yakan yi kaifi har kunne ya gaji bayan awa ɗaya. Wannan sifika ce da ya kamata ka ji kafin ka biya, domin wani yana ƙaunarta, wani ba ya iya zama da ita.

ELAC Debut B6.2 ita ce zaɓina in kuɗi sun kai. Kamfanin na Jamus ne, sifikar kuma ta fito a 2018 daga hannun Andrew Jones, injiniya ɗan Ingila da ya yi aiki da KEF da Pioneer. Wufarta mai inci 6.5 tana sauka har 44 Hz, wanda ya kusan kai igiyar ƙasa ta jitar bes, mai 41 Hz. A aikace, wannan na nufin ba za ka ji kana buƙatar ƙarin akwatin bes ba a matsakaicin falo. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take raba kayan kiɗa: in ana kiɗan taushi ko kotso da 'yan amshi, kana jin kowa a wurinsa, ba su cakuɗe ba. Ramin iskarta a gaba yake, za ta zauna kusa da bango ba tare da sautin ya kumbura ba. Babba ce dai, tana son teburi ko ƙafa mai ƙarfi, kuma tana son amfilifayar da ba ta gajiya.

Mai ɗan'uwa a Ingila ya duba Wharfedale Diamond 12.1, wadda ta fito a 2020 a kan fam 249. Sautinta mai laushi ne, ta dace da doguwar saurare, kuma a can ta fi sauƙin samu.

Ƙarko a dukansu kusan ɗaya ne. Akwatinsu na garin katako ne da aka matse, ruwa ne maƙiyinsa. Kada ka ajiye su a ƙasa inda ake goge-goge, ko jikin bangon da ke jiƙewa da damina. Mai yara ya bar musu murfin gabansu, don ɗan yatsa ɗaya ya isa ya lotsa tuwita.

Risiba da amfilifaya

| Na'ura | Ƙarfin kowane ɓangare | Bluetooth | Rediyo | Garmaho | Farashi |
|---|---|---|---|---|---|
| Fosi Audio BT20A | kusan wat 30 a om 8 | akwai | babu | babu | dala 70 zuwa 90 |
| Sony STR-DH190 | wat 100 | akwai | FM | akwai | dala 150 zuwa 200 |
| Yamaha R-S202 | wat 100 | akwai | AM da FM | babu | dala 150 zuwa 200 |
| Yamaha A-S301 | wat 60 | babu | babu | akwai | wajen dala 350 |

Sony STR-DH190 ta 2018 da Yamaha R-S202 ta 2016 kamar Hassan da Hussaini suke: rimot, Bluetooth, wurin jona sifikoki kashi biyu, da maƙalan waya masu sifirin waɗanda ba sa karɓar waya mai kauri sosai. Bambancin da zai raba maka gardama uku ne. Sony tana da mashigar garmaho, Yamaha ba ta da ita. Yamaha tana kama AM, Sony FM kawai. Na uku shi ne ya fi muhimmanci wajen haɗawa: Sony ta yarda da sifika daga om 6, Yamaha kuwa om 8 ta rubuta a bayanta. Saboda haka SS-CS5 da ELAC sun fi dacewa da Sony, Polk da Klipsch kuma su zauna da Yamaha hankali kwance. Dukansu biyu ba su da mashigar wayar haske da talabijin na yanzu ke fitar da sauti ta cikinta, sai ka ƙara ɗan akwatin juya sauti na dala 15 zuwa 20.

A-S301 ta fi su ingancin ƙira, tana da mashigar talabijin da mafitar akwatin bes, kuma tana ɗaukar sifika har mai om 4. Sai dai kuɗinta zai cinye rabon sifika, don haka ta mai shirin hawa mataki-mataki ce.

Fosi BT20A, wadda 'yar ajin D ce, ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ta dace da halin wutarmu fiye da sauran. Girmanta bai wuce tafin hannu biyu ba. An rubuta mata wat 100 sau biyu, amma yi lissafi da kanka: cajarta bolt 24 ce da amfiya 4.5, wato wat 108 gaba ɗaya, ba za a sami 200 daga ciki ba. Abin da za ka samu tsaf shi ne wajen wat 30 a sifika mai om 8, da ɗan fiye da haka a mai om 6, kuma mun riga mun ga wannan ya isa. Cajar tana karɓar bolt 100 zuwa 240, ke nan babu ruwanka da ko daga Amurka aka turo ta, kuma in wuta ta yi ɓarna, galibi cajar ce ke tafiya, ka sayi wata. Tana kuma aiki kai tsaye da batir mai bolt 12, amma ƙarfin zai faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wajen wat 8 ko 9, wanda ya ishi ɗakin kwana. Ka sa fiyus a tsakani. Hattara da batiran sola masu bolt 24: lokacin caji sukan haura 28, ƙwaƙwalwar da ke cikin na'urar, TPA3116, kuwa iyakarta 26. Rauninta a fili yake. Ba rimot, ba rediyo, mashigar waya ɗaya ce, kuma in cikinta ya ƙone ba kasafai ake gyarawa ba, sai dai a sake. 'Yar'uwarta, Fosi V3 ta 2023, ta fi ta ƙarfi da tsabtar sauti, amma ba ta da Bluetooth.

Na hannu

Tsofaffin Pioneer, Sansui, Technics, Kenwood da Marantz na shekarun 1970 zuwa 1990 suna yawo a kasuwannin kayan tokumbo, kuma da yawa an yi su da ƙarfe da taransifoma mai nauyin da na yau masu araha ba su da shi. Wasu ma suna da maɓallin sauya bolt a baya. A nan za ka iya cin riba mafi girma, a nan kuma za ka iya yin asara mafi zafi. Je da wayarka da igiyar jonawa. Saurari hagu ita kaɗai, sannan dama. Murɗa maɓallin ƙara ka ji ko yana ƙarƙara. Rage sautin gaba ɗaya ka kasa kunne ko akwai gunji. Bar ta tana aiki minti 20 zuwa 30, ka taɓa samanta, ka shinshina. Tambayi mai gyara ko tiransistoci ne a ciki ɗaya-ɗaya ko dunƙulen STK: na farko ana samun madadinsu, na biyu Sanyo ce ta yi su, an daina ƙera na asali, jabu kuma sun cika kasuwa.

Tsohuwar sifika kuma, duba zoben da ya kewaye wufa. In na soso ne, zafi da shekaru suna mayar da shi gari, na roba ya fi daɗewa. Tura wufar a hankali da yatsu a kewaye, kada ka ji tana gogar wani abu a ciki. Kai kunnenka kan tuwita ka tabbatar tana magana, don ana sayar da sifika da matacciyar tuwita a cikin hayaniyar kasuwa ba a gane ba.

Ƙananan kuɗin da ake mantawa

Waya ba sai mai tsada ba. Wayar tagulla zalla mai kaurin 1.5 da masu wayarin gida ke amfani da ita ta wadatar har mita goma. Ka tabbata ja ta tafi ja, baƙa ta tafi baƙa a ɓangarorin biyu, in ba haka ba bes zai ɓace. Babbar risiba tana buƙatar sitabilaiza, ko aƙalla na'urar jinkirta wuta irin ta firij. Inbata mai araha wadda wutarta ba ta da santsi takan sa taransifomar risiba gunji da zafi. Kada ka lulluɓe ta da ƙyalle tana aiki don gudun ƙurar hunturu, ramukan samanta na shan iska ne, musamman da bazara. Rufe ta bayan ta huce. Sifikokin kuma su yi kusurwa uku da kujerarka, tazararsu da juna kamar tazararsu da kai, tuwita daidai kunne. Kafet ɗaya a tsakar falo yakan gyara sauti fiye da ƙarin dala 100 a kan risiba.

Wa ya dace da wanne

Mai ɗaki ɗaya, ɗalibi ko sabon ango da kuɗinsa ba su kai dala 150 ba, kada ya wahalar da kansa da risiba. Edifier R1280DB tana da amfilifayarta a ciki, wat 42 gaba ɗaya, da Bluetooth da mashigar talabijin da rimot. Ya dai san cewa in amfilifayar ta mutu, sifikokin biyu sun yi shiru tare, kuma ya duba bolt ɗin da aka rubuta a bayanta.

Wanda gidansa ya dogara da sola ko inbata, kuma daga waya yake jin kiɗa, ya ɗauki Fosi BT20A, ya zuba ragowar kuɗin a sifika. Da dala 200 zuwa 250, Sony SS-CS5. Da dala 350 zuwa 450, ELAC B6.2, kuma wannan haɗin ne nake ganin ya fi ba da sauti a kan kowace dala.

Magidancin da ke son na'ura ɗaya ta falo, da rimot da rediyo, wadda kowa a gidan zai iya kunnawa, ya nemi Sony STR-DH190 mai bolt 230 ya haɗa ta da SS-CS5 ko ELAC. In akwai fayafayan garmaho da aka gada a gidan, ita ce kai tsaye. In kuwa maigida mai sauraron AM ne, Yamaha R-S202 da Polk ko Klipsch, kuma ya nemi wadda aka yi wa wannan ɓangaren duniya, don tashoshin AM na Amurka tazarar 10 kHz suke bi, namu 9.

Mai babban falo da kafet da labule, mai son bugu da ƙara, Klipsch R-51M da Yamaha. Mai falon tayil tsirara ya kauce mata, ya koma ELAC ko Wharfedale.

Wanda yake da amintaccen mai gyara da haƙurin zagaya kasuwa, tsohuwar risibar Japan mai tiransistoci ɗaya-ɗaya da sabuwar sifika, ya ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin risibar don wanke maɓallai da sauya kafasitocin da suka bushe.

Mai neman abin da zai kai tsakar gida ranar suna ko biki kuwa, duk waɗannan ba nasa ba ne. Sifikokin falo ne, a fili za a murɗe su har su ƙone. Ya yi hayar manyan lasifikoki na wannan ranar.